Rasuwar Gyare, Modem ɗin da Lusaka Ta Ƙi Buɗe wa Ƙofa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Yotamu Shawa, malamin lissafi a makarantarmu ta sakandare da ke bayan Katete, nake sanar da malamai da ɗalibai da sauran abokan arziki rasuwar modem ɗinmu, wanda aka fi sani da Gyare. Ya rasu ranar Asabar da hantsi a kan teburin ɗakin malamai, a hannun mutumin da aka ɗauko don ya yi masa magani. An jinkirta wannan sanarwa ne har sai an tabbatar da abin da ya yi ajalinsa. Yanzu an tabbatar, kuma da ma ban ji ba.

Marigayi ya zo mana shekara biyu da suka wuce, cikin kwalin da wata ƙungiyar malaman kimiyya ta aiko daga Lusaka. Ɗan akwati ne ruwan toka, bai fi littafin waƙoƙin coci girma ba, da jerin jajayen fitilu a goshi. Aikinsa guda ɗaya ne. Kullum bayan an tashi daga aji, sai ya kwashi saƙonnin da muka rubuta a kwamfuta, ya bi wayar tarho ya kira babbar kwamfutar ƙungiyar, ya miƙa namu, ya karɓo waɗanda suka zo mana. Wasiƙar da a da take shafe wata guda a jakar gidan waya, shi yakan kai ta kafin shayi ya huce.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin malamai da yamma ya san muryarsa. Yakan fara da ƙwanƙwasawa, kat-kat-kat, kat, kat-kat-kat-kat. Sai ya yi jim. Sai a amsa daga can da siririn fito, fiiiii. Shi kuma ya ɗauka, kirrrr, ging-gong, ging-gong, ya ƙare da shhhhh mai tsawo kamar ruwan fari a kan kwanon rufi. Daga nan sai shiru, fitilu suna ƙyaftawa, kuma a cikin shirun nan ake aikin. Saboda wannan kukan ne ɗalibai suka laƙaba masa Gyare, sunan ya bi shi har ofishin shugaba.

Wajen hali kuwa, ban ga na biyunsa ba a cikin ma'aikatan wannan makaranta. Idan ya kira ya tarar layi a cike, ba ya tsaki. Yakan ajiye, ya ɗan jira, ya sake. Idan damina ta jiƙa waya magana tana kakkaryewa, yakan maimaita abu ɗaya har sai an fahimta ba tare da ya ɗaga murya ba, abin da na daɗe ina ƙoƙarin koya a gaban allo. Saƙon kowa ta cikinsa ya bi, na neman littafi, na gaisuwar mutuwa, har da waɗansu da bai kamata masu aure su rubuta ba, amma ba a taɓa jin ko ɗaya a kasuwa ba. Bai taɓa makara ba. Bai taɓa kafa kwamiti ba.

Saƙo na ƙarshe da ya kawo na Mayi (wato Malama) Tisiyenji Daka ne, malamar ilmin halittu. Mayi Daka ta daɗe tana bin gonakin da ke kewaye da mu, tana tattara ganyen masarar da cutar da ke yi masa zane-zane ta kama, tana rubuta abin da ta gani. Wata jami'a a ƙasar Holan ta karanta, ta ba ta gurbin karatu na shekara ɗaya. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: ta amsa ta hanyar da saƙon ya zo kafin wata ya ƙare, in ba haka ba su ba wanda ke bayanta. Ba su sa lambar tarho ba. A ranar ta zauna ta rubuta amsa, gajeriya, ta karanta mini ita da ƙarfi tana dariya, muka ajiye a kwamfuta don Gyare ya tafi da ita washegari.

Washegari Gyare ya ƙwanƙwasa, aka amsa, ya yi kirrrr, ya yi ging-gong, ya yi shhhhh ɗinsa cikakkiya. Ya yi shiru na ɗan lokaci. Sai ƙit, aka ajiye masa waya. Ya jira, ya sake. Ƙit. Haka ya yi ta yi har rana ta faɗi, kuma haka aka wayi gari.

Na bi matsalar yadda nake koya wa ɗalibai su bi lissafi, daga na kusa zuwa na nesa. Na canza igiyar da ta haɗa shi da kwamfuta. Na kankare bakin wayar bango, inda ƙarfen ya yi kore. Na zare tarhon ofishin shugaba, wanda suke layi ɗaya da shi, don kada wani ya ɗaga a tsakiyar magana. Na rage masa sauri, na sake ragewa, har ya koma kamar mai yi wa tsohuwa kwatance. Ma'aikacin gidan waya ya zo, ya hau turke, ya sare reshen mangwaron da ke gogar waya, ya saurari layi ya ce tas yake. Na gwada da safe, na gwada da tsakar rana. Na duba kalmar sirrin da yake faɗa a bakin ƙofa kafin a bar shi ya shiga, na same ta harafi da harafi yadda aka ba mu ita ranar da ya zo. Duk da haka, ƙit.

Kowace yamma Mayi Daka takan zo ta zauna a kujerar da ke bayana da littattafan ɗalibai, tana dubawa. Ba ta tambayata komai. Idan ta ji shhhhh sai bironta ya tsaya, idan ta ji ƙit sai ta ci gaba da rubutu. Tun a makon farko ta aika wasiƙa ta jirgi, don dai kada a ce ba ta yi ba. Duk mun san sai bayan wa'adi ya cika za ta isa.

A taron malamai na tashi na yi wa shugabanmu, Bambo (wato Malam) Njobvu, wanda muke kira Ahedi, bayani.

“Ahedi,” na ce, “yaron nan lafiyarsa ƙalau. Marar lafiya ba ya kaiwa ga gaisuwa. Shi kuwa yana sallama, ana amsa masa, sai an tambaye shi ko shi wane ne sannan a rufe ƙofa. Matsalar a can take. A ba ni mabuɗi in kira Bambo Chomba.”

Bambo Chomba shi ne mai kula da babbar kwamfutar a Lusaka. Mabuɗin kuwa na ɗan kwaɗon da ke maƙale a jikin lambobin tarho ne, kuma ba ya rabuwa da ƙugun Ahedi.

“Chomba? Wancan ɓarawon?” Ahedi ya fashe da dariya har yana dukan tebur. “Bar ni da shi, Bambo Shawa. Bawana ne. Ni zan kira shi da kaina.”

Bambo Chomba Babembe ne, wato ɗan ƙabilar Bembawa, mu kuwa mutanen Gabas, abokan wasa tun kaka da kakanni. Su ce mana maciya ɓera, mu ce musu maciya biri, ɓarayin akuya. Ba mai fushi, ba mai kai ƙara. Su ke binne mamatanmu, mu mu binne nasu. Shi da Ahedi kuma tare suka yi kwaleji, saboda haka nasu wasan ya fi na kowa nisa.

Na tsaya a bakin ƙofar ofis, ina jin ɓangaren Ahedi kaɗai.

“Kai maciyin biri, ka sace mana wasiƙu ko? … Wane ɓera? … Ai mun cinye shi tun wancan makon, har wutsiya! … Da tuwo mana, da me kake so mu ci? … Kai dai sauko daga bishiya ka buɗe mana ƙofa. … To, to. Gai da matata, ka ce ina nan zuwa in ɗauke ta.”

Ya fito yana share hawayen dariya. “Ya ce nasu lafiya lau. Naku ne kurma.”

Da wata ya yi nisa, Mayi Daka ta same shi a gabana.

“Ahedi, a ba ni izini in kai saƙon nan Lusaka da ƙafata.”

“Haba Mayi! Jarrabawa tana bakin ƙofa, wa zai riƙe mini ’yan ajin ƙarshe? Kwantar da hankalinki. Surukina zai zo ranar Asabar. Duk abin da ke da waya a cikinsa bai taɓa gagararsa ba.”

Surukin shi ne Bambo Alick Miti, mai gyaran rediyo a kasuwar Katete. Mutumin kirki ne, rediyon gidana ma shi ya gyara, kuma tana aiki. Ya zo a kan kekensa da ɗan murhun gawayin da yake gasa ƙarfen dalma a ciki. Ya ce a kunna ya ji. Gyare ya yi waƙarsa daga farko har ƙarshe, tsaf, ba tangarɗa ko ɗaya. Ita ce ta ƙarshe.

“Ato,” in ji Bambo Miti. “Kun ji wannan shhhhh ɗin? Bai kama tasha ba ne. Kowace rediyo haka take yi.”

“Ba rediyo ba ne, Bambo,” na ce. “Wannan shhhhh ɗin ita ce maganarsa.”

“Kai dai alli ka sani. Ni tun ba ka fara aske gemu ba nake korar shhhhh.”

“Bambo Shawa,” in ji Ahedi, “a bar mai sana'a ya yi sana'arsa.”

Na roƙa, na sake roƙo, sannan na koma gefe. Aka kwantar da marigayi rigingine, aka buɗe cikinsa. Bambo Miti ya taɓa nan ya taɓa can da ƙarfe mai zafi, ya ciro wani ɗan baƙin abu ya ɗaga mana ya ce shi ne mai laifin, ya maye gurbinsa da wani da ya lalubo a aljihun riga. Aka kunna. Fitilun goshinsa suka kama gaba ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba. Gyare ya ce kat, sau ɗaya. Sai wani siririn hayaƙi ya fito ta gefensa, ɗakin ya cika da warin ƙonanniyar roba.

“To, kun ji?” in ji Bambo Miti yana goge hannu. “Shhhhh ta tafi.”

Ta tafi kuwa.

Mayi Daka ta miƙe. Ta haɗa littattafanta, ta ce in zuba mata amsar a faifan kwamfuta. Ranar Lahadi da sassafe ta hau motar Lusaka ba da izinin kowa ba, faifan a ƙulle a bakin zanenta. Motar ta lalace bayan gadar Luangwa, suka kwana a hanya. Wata ya ƙare tana zaune a kan buhun gyaɗar wani a bakin titi.

Abin da ya faru a ofishin Bambo Chomba, ita ta ba ni labari, kuma ya tabbatar da shi daga baya.

“Ga matata ta zo!” ya ce da ya gan ta. “Ina soyayyen ɓeran da kika riƙo mini?”

“Saƙo na kawo. Me ya sa kake rufe mana ƙofa?”

“Ni? Ku dai kuka ƙi shigowa. Tun farkon wata na canza wa kowace makaranta kalmar sirri. Na kira Njobvu na ce masa daga yau taku ita ce ɓera. Ya ce tawa kuma biri. Da ya sake kira na ce, kun sa ɓeran kuwa? Ya ce kun cinye.”

“Kuma kana gani kullum muna ƙwanƙwasawa?”

“Ina gani mana, da tsohuwar kalma. Na ce taurin kan mutanen Gabas ne, ba sa so a ce na ci su wasa. Jira nake in ga ranar da za ku durƙusa.”

Ya ƙara da cewa har sanarwa ya rubuto mana a kan canjin. Gaskiya ne, ya rubuto. Tana can cikin saƙonninmu, bayan ƙofar da ya rufe.

Ta ce da ta gaya masa abin da ke cikin faifan, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an hure fitila. Nan take ya tura amsar da hannunsa, ya ƙara da nasa bayani da ban haƙuri. Washegari mutanen Holan suka amso, cikin ladabi sosai. Sun jira har wa'adi ya cika, sun ba wanda ke bayanta, kuma ya karɓa.

Da ta dawo na shiga ofis na tambayi Ahedi ko Bambo Chomba ya taɓa gaya masa cewa kalmarmu ɓera ce. Ya ɗan yi tunani.

“Ya faɗa mana,” ya ce. “Ai kullum faɗa yake. Tun muna samari yake ce mini ɓera. Ta ina zan san na ranar nan na aiki ne?”

Don haka ina sanar da jama'a cewa marigayi bai yi jinya ba, domin ba shi da ciwo. An yi masa fiɗa da ransa da lafiyarsa.

Ba wasan kakanninmu nake zagi ba. Ranar da mahaifiyata ta rasu, Bembawa ne suka haƙa mata kabari, kuma su suka sa ni dariya a lokacin da na zaci na gama dariya ke nan a duniya. Amma a ce manya biyu masu furfura, kowanne da takardun shaida rataye a bango, su riƙe magana ɗaya kusan wata guda suna buga ta kamar ƙwallon tsumma, a rasa wanda zai ce, tsaya, wannan da gaske nake! Ɗaya ya ɗauki zagi ya mai da shi mabuɗi. Ɗaya aka miƙa masa mabuɗi ya ce zagi ne. Ɗaya yana kallon ana buga ƙofa kullum yana jin daɗi, ɗaya yana zaune a kan mabuɗin tarho kamar kaza a kan ƙwai. Da aka tashi neman mai laifi kuma, sai aka kama wanda shi kaɗai ne a cikin lamarin yake faɗin abin da aka ba shi daidai, aka sa masa wuta a ciki. Ni ba mai yawan faɗa ba ne, ɗalibaina shaida ne. Amma tir. Tun ranar ko shayin ɗakin malamai warin roba yake yi mini.

Marigayi ya rasu ya bar matarsa, kwamfutar ɗakin malamai, wadda har yanzu idan yamma ta yi takan nemi mijinta ta rubuta a allo cewa ba ya amsawa. Ya bar ƙaninsa firinta, wanda da ma ba shi da cikakkiyar lafiya. Ya bar yayansa tarho, da kwaɗo a baki kamar kullum, ko da yake da ni ake shawara da ba a bakinsa aka sa ba. Ya kuma bar marayu da yawa, wato saƙonnin da ke kwance suna jiran mai kai su, cikinsu har da wata gajeriyar amsa da ta fara da godiya. Ban iya goge ta ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an tashi daga aji, a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Bambo Kangwa, malamin aikin kafinta, wanda Babembe ne, ya haɗa akwati da ragowar katakon benci. Shi da ’yan'uwansa ne za su ɗauki gawa su haƙa rami, bisa al'ada. Sun riga sun karɓi kwanon garin masarar da za su shafa wa masu makoki a ka, kuma Bambo Kangwa ya ce tarkon ɓera zai kawo a madadin furanni. Ba zan hana shi ba, haƙƙinsa ne.

Ahedi ya nemi ya yi jawabi. An roƙe shi ya zauna a layin gaba ya saurara. Bambo Miti ya nemi a ba shi gawar don ya ciri kayan gyara. An ƙi. Bambo Chomba ya aiko cewa zai zo da wani modem. Ana maraba da shi, amma kalmar sirrin da zai ba sabon, ya faɗa mini ita a gaban mutum biyu, yana tsaye, ba ya dariya. Ɗalibai za su halarta da kayan makaranta. Ba a buƙatar gudummawa.

Jiya na je ɗakin gwaje-gwaje in roƙi Mayi Daka ta zuba ƙasar farko. Na same ta tana jera kwalaben da ’yan ajin ƙarshe za su yi jarrabawa da su. Ta saurare ni har na gama.

“Bambo Shawa,” ta ce, “ku binne shi da kyau. Shi kaɗai ya yi ta buga ƙofar nan saboda ni. Amma ba zan zo ba. In na zo za su shafa mini gari a ka, kuma dole in yi dariya.”

Saboda haka za a fara a kan lokaci, ba za a jira ta ba.